Yadda Ake Binne Sakamakon da Ya Ce A'a

Ɗan'uwa mai bincike, matso kusa. Ka kwashe shekaru kana gwada wani magani, ka cinye takalmi, ka ƙarar da idanu, ranar da aka buɗe alƙaluma sai ga shi maganin bai tsinana komai ba? Kwantar da hankalinka. Ga hanya nan na shimfiɗa maka, mataki tara. In ka bi ta daki-daki, na ba ka tabbacin sunanka zai ci gaba da ƙamshi, ƙarin girmanka zai zo a kan kari, kuma babu mahaluƙin da zai san abin da ka gano, har kai kanka wata rana sai an tuna maka. Ba a bakin wani na ji ba. Ni na bi ta da ƙafata, shekara huɗu cur.

Sharaɗi ɗaya ne: kada ka tambaye ni sunan ganyen da na yi aiki a kansa. Na san halinku. In na faɗa, kafin a kai ƙarshen shafin nan an tsige shi har saiwa. Mu kira shi ganyen kawai, yadda kowa ke kiransa a sashenmu.

Mataki na 1: Fara da ƙaramin gwaji, ka samu "e"

Ba a binne abin da ba a haifa ba. Kafin ka samu "a'a" ɗin da ya cancanci kabari, sai ka fara samun "e" ɗin da za ka kare.

Nemo mutane kaɗan. Goma sha huɗu sun wadatar, ni da su na yi. Kada ka wahalar da kanka da tafiya nesa: masinjan sashe, direbobi biyu, masu shara, sakatariya, da duk wanda tsautsayi ya kawo neman sa hannu. Auna hawan jininsu, ka ba su garin ganyen a cikin kafso, bayan wata biyu ka sake aunawa.

Ga sirrin da ni ban sani ba sai daga baya, kai na ba ka shi kyauta. Ɗakin gwajinmu a hawa na huɗu yake. Makon da muka yi awon farko lif ya lalace, kowa da ƙafa ya hawo, yana haki ya miƙo hannu. Kafin awo na biyu an gyara lif. Jinin mutum goma sha huɗu ya sauka tare kamar sun haɗa baki, ni kuwa na wuni ina zagaye ofis, baki har kunne. In da adalci a duniya, sunan mai gyaran lif ne ya kamata ya zo farko a maƙalar.

Mataki na 2: Koyi harshen mujalla

Mujallar kimiyya ba ta karɓar ƙarya, amma tana da kalmomi masu laushi da ta tanadar wa irinmu: "mai yiwuwa", "akwai alamun cewa", "ana buƙatar ƙarin bincike". Zuba su hannu sake. Su ne lemarka ranar da hadari ya haɗo.

Da zarar an buga, karɓi gayyatar gidan rediyo. Ka sani fa, "mai yiwuwa" ba ta jure tafiya, tsakanin ofishinka da ɗakin watsa shirye-shirye take cikawa. Mai gabatarwa zai tambaye ka ko ke nan an samu maganin hawan jini. Kada ka ce e, kada ka ce a'a. Yi 'yar dariyar tawali'u, ka ce kuna kan hanya. Mai sauraro shi zai ƙarasa tafiyar da kansa.

Cikin wata guda za ka ga kwalaben ganyen a kantuna, an manna musu kwafin shafin farko na maƙalarka. Ba kai ka sayar ba, ba kai ka manna ba, hannunka fes. Farfesa, shugaban sashenmu, a watan ya sa aka kafa sabon allo a ƙofar gini, da hoton ganyen kore shar, ya kuma fara kirana "yaronmu" a gaban baƙi.

Mataki na 3: Bari dangi su yi alfahari da kai

Kowane mai bincike yana buƙatar mutum ɗaya da ya yarda da shi ba tare da ya ga jadawali ba. Nawa Goggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina shekara biyar bayan rasuwar mahaifiyata. Tela ce. Da ƙarar kekenta a kunnena na koyi karatu, kuma duk rigar da na sa har na shiga jami'a daga hannunta ta fito. Shi ya sa a hotunana na makaranta hannun rigata kullum ya fi nawa tsawo: yaron da zan zama baɗi take ɗinka wa. Na-Goggo take kirana har ranar da na kawo digiri na uku. Daga ranar na koma Dokta, ta kuma hana kowa a gidan kirana da wani suna.

Goggo na da hawan jini. Shekara goma tana shan ƙwayar asibiti, ɗaya kowace safiya, tana haɗiya tana mita. Tana tsakiyar yanka yadi ta ji muryata a rediyo. Kafin mako ya zagayo ta sa an kawo mata shafin farko na maƙalar, an yi masa firam da gilashi, ta rataye shi saman keken inda duk mai kawo ɗinki sai ta gan shi. Ba ta karanta yaren mujalla, amma ta san siffar sunana, da bakin almakashi take nuna wa mutane shi.

Aikinka a nan mai sauƙi ne: ka ji daɗi. Ni na ji, ba zan ɓoye maka ba. Duk lambobin yabon da na karɓa daga baya babu wadda ta kai min firam ɗin nan.

Mataki na 4: Kada ka yi babban gwaji; in ya zama dole, kada ka ba mai gaskiya riƙon ambulan

Nan ni na yi tuntuɓe, kai sai ka ɗaga ƙafa. Suna ya jawo tallafi, tallafi ya jawo babban gwaji: mutum ɗari huɗu, asibitoci uku, shekara biyu, kuma duk awon a hawa na ƙasa. Rabi suna shan ganyen, rabi suna shan garin banza mai launi iri ɗaya. Daga mai sha har mai bayarwa babu wanda ya san wa ke shan me. Jerin da zai warware wannan yana rufe cikin ambulan a hannun mai lissafin alƙaluman bincike ta sashenmu.

'Yar ƙaramar mace ce, tabarau rataye a igiya, shayi ba sukari. A gabanta Malama muke cewa, a bayan idonta Babu-Bambanci, don kalmomi biyun nan ne suka fi fita daga bakinta, kuma da su ta kashe burin maza da yawa a ginin. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Matsalarta ɗaya, in ta ƙirga abu sau uku ya ba ta amsa ɗaya, sai ta yarda da amsar.

Ranar buɗe ambulan na sa sabuwar riga ɗinkin Goggo. Farfesa ya sa an jera lemo a tebur. Malama ta kunna majigi, ta nuna mana layi biyu, ja da shuɗi, suna tafe kafaɗa da kafaɗa daga farkon allo har ƙarshensa kamar tagwaye. Ta faɗi kalmominta biyu. Sannan, don ta cika mana aiki, ta ce ta koma ta duba tsohon gwajin, har ta je ofishin masu gyare-gyare ta karɓo takardar ranar da aka gyara lif.

An sha lemon dai, tunda an riga an buɗe.

Mataki na 5: Samo wasiƙar ƙi, ka adana ta

Washegari Farfesa zai kira ka, ya tura ƙofa. Ni tambayata ya yi wace mujalla ce za ta ba da shafi ga mutumin da ya zo ya ce ya nema bai samu ba. Ya ce kimiyya ba ta son gaggawa, a bar sakamakon ya huce tukuna. Yana maganar yana kallon sabon allon ta taga.

Kada ka ƙi turawa gaba ɗaya, zuciya za ta dame ka. Rubuta maƙalar tsaf, ka tura ta wa mujallar da ta fi kowace girma a duniya, wadda ko maganin tsufa ka gano sai ta ce ka jira layi. Cikin kwana biyu za su dawo maka da ita, da 'yar wasiƙa mai ladabi cewa babu sabon abin da zai ja hankalin masu karatunsu. Buga wasiƙar a takarda mai kauri. Daga yau duk wanda ya tambaye ka, amsarka ta samu: mun tura, sun ƙi. Kuma gaskiya ce tsantsa, ko rantsuwa aka ba ka za ka ci.

Akwai ƙananan mujallu da ke karɓar sakamakon "a'a" hannu bibbiyu, don likitoci su san abin da ba ya aiki. Malama za ta kawo maka sunayen guda shida a rubuce. Yi mata godiya sosai. Takardar tana da amfani, ni shekara guda ina ɗora kofin shayi a kanta.

Mataki na 6: Zaɓi durowa

Sababbin shiga suna kuskuren ƙona fayil ko goge shi daga kwamfuta. Kul. Wanda ya ƙona ya ɓoye gaskiya. Wanda ya ajiye bai samu lokaci ba ne kawai.

Nemi kabad ɗin ƙarfe, ka zaɓi durowar ƙasa, wadda ke maƙalewa sai an doke ta da ƙafa. Mutum mai digiri uku ba ya durƙusawa a ofis, don haka kai ma ba za ka buɗe ta da gangan ba. Kwantar da fayil ɗin a can ƙasa, ka danne shi da takardun jarrabawar ɗaliban da tuni suka yi aure suka hayayyafa, ka ɗora mataccen fanka a kai.

Abin da ya rage shi ne Malama. Kowace shekara, a daidai ranar da aka buɗe ambulan, za ta turo maka saƙon waya mai kalma ɗaya: "Durowa?" Tanadi amsoshi tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarar farko na ce ina kan gyara. Ta biyu na ce bayan jarrabawa. Ta uku na ce Farfesa na dubawa. Ta huɗu na tura mata hoton babban yatsa, kowa ya fassara yadda ya ga dama.

A tsakanin nan aka ƙara min girma. Ƙaramar maƙalar, mai mutum goma sha huɗu da lif, ita kwamiti ya fi yabawa.

Mataki na 7: Koyi ziyartar Goggo ba tare da ka ga komai ba

Wannan shi ne mataki mafi buƙatar ƙwarewa, don idon mai bincike an horar da shi ya lura.

Za ka shiga ɗakin ɗinki, ka zauna a kujerar da ka saba, tsakanin tarin yadi da dutsen guga. Za ka ga kwalbar ganyen a kan taga, ta kai rabi. Wannan ba laifi. Za ka kuma ga kwalbar maganin asibiti a gefen keke, kuma da ta buɗe ta za ka ga maɓallai ne da allurai a ciki. Ɗauke kai, ka yaba labule.

Ni ranar da na gani, na gane abin da ake ciki, ba zan ce ban gane ba. Amma in na ce ta daina ganyen sai ta tambayi dalili, in na faɗi dalili sai firam ya sauko, kuma ba firam ɗin Goggo kaɗai ne a rataye ba. Don haka ga dabarar: yi gargaɗi, amma ka yi shi a bakin ƙofa, kana sa takalmi, waya a kunne. Na ce mata a riƙa haɗawa da na asibiti dai. Ta yi dariya, ta ce ita da ta raini mai maganin da hannunta, me za ta yi da na baƙi? Ta ƙara da cewa tun da ta koma ganyen ko ciwon kai ba ta yi, har ta sa matan layinsu gida goma sha ɗaya a hanya.

Hawan jini ba ya sallama, wannan ɗalibin aji ɗaya ya sani. Ni kuwa na shiga mota na ce wa kaina ai na faɗa mata. Maimaita wannan jimla sau uku kafin ka tayar da mota, tana aiki.

Mataki na 8: A asibiti, gyaɗa kai kawai

Wata safiyar Talata, ina gaban ɗalibai, maƙwabciyar Goggo ta kira ni. Ta kawo ɗinki ta tarar da almakashi a ƙasa, Goggo a jingine da keke, baki ya karkace, hannun hagu ya saki. Shanyewar ɓarin jiki.

Allah Ya sa an kai ta da wuri. Kwana uku bayan haka ta fara magana, a hankali, kalmomin suna fita ta gefe guda. Likitar da ke duba ta yarinya ce, ba ta fi sa'ar ɗalibaina ba, mai saurin tafiya da saurin magana. A wurinta ni ɗan mara lafiya ne kawai. Ta tsayar da ni a gefen gado, ta ce wannan ce ta huɗu da ta gani a bana da ta ajiye maganinta saboda ganyen nan, har abin ya sa ta je ta bincika.

"Maƙala ɗaya ce tak a kansa, mutum goma sha huɗu," in ji ta. "Abin haushin, babu wanda ya yi babban gwaji. Da an yi an buga, da ina da abin da zan nuna musu."

A nan, ɗan'uwa, gyaɗa kai. Yi fuskar mai takaicin halin da kimiyya ke ciki. Ka ce lallai akwai giɓi. Ni na fara gyaɗawa, kuma da na tsira, sai Goggo ta ɗaga hannun dama ta nuna ni.

"Ɗana ne ya rubuta," ta ce. "Dokta."

Likitar ta dube ni, ta dubi fayil ɗin hannunta. Goggo ta ga kallon ya yi yawa, ta ɗauka ana zargin ɗanta ne, sai ta shiga kare ni da rabin bakin da ya rage mata. Ta ce laifinta ne. Ta ce ɗinki ya yi mata yawa makon jiya, ta tsallake ganyen kwana biyu, shi ya jawo. Ta roƙi likitar kada ta ga laifin maganin. Sannan ta juyo ta ce in zan dawo da yamma in taho mata da kwalbar, tana kan taga.

Wanda ya iya ci gaba da gyaɗa kai a wannan gaɓa ya gama makaranta, ba ya buƙatar jagora. Ni a nan na faɗi.

Mataki na 9: In ka faɗi, ga abin da ke jiranka

Na je ofis na durƙusa. Durowar ta ƙi buɗuwa, na doke ta har sau huɗu, masinja ya leƙo ya koma. Ina fitar da takardun jarrabawa sai ga Malama a ƙofa da fayil a hannu. Ashe tana da nata kwafin tun ranar farko, kowace shekara tana sabunta jadawalin zuwa tsarin da mujallu ke so. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tambayi jikin Goggo, ta ajiye sabon jerin mujallu shida a kan tebur, nesa da kofin shayi.

Da yamma na koma asibiti ba kwalba, sai fayil. Na zauna na faɗa wa Goggo komai, daga lif har tagwayen layi. Na yi ƙoƙarin sa "mai yiwuwa" a wuri ɗaya, ta ɗaga min hannu.

"Yana yi ko ba ya yi?"

"Ba ya yi, Goggo."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara huɗu."

Ta rufe ido. Na zaci kuka za ta yi, ko ta kore ni, kuma da ta kore ni da na fi samun sauƙi. Da ta buɗe sai ta tambaye ni mutum nawa ke karanta mujallar da zan tura wa. Na ce in an yi sa'a talatin, yawancinsu masu neman abin da za su ambata a tasu maƙalar. Ta ce ita gida goma sha ɗaya ta shayar, kuma babu mai karanta mujalla a cikinsu.

Ranar da aka sallame ta ba ta yarda an wuce da ita ɗaki ba. Ta sa na tura ta a keken marasa lafiya, fayil a cinyarta, muka bi layin ƙofa-ƙofa da rana tsaka. A kowane gida ita ke sallama, in an fito ta ce ga wanda ya rubuta, zai yi bayani. Sai in tsaya, ni da ƙarin girmana, in ce ganyen ba ya sauke hawan jini, na gwada a mutum ɗari huɗu, na sani tun shekara huɗu, a koma asibiti gobe.

Na sha tambayoyi daga masu tantance maƙala a rayuwata, amma ban taɓa haɗuwa da irin matar gida na shida ba. Tsohuwar malamar firamare ce. Ta tambaye ni yadda aka raba mutanen gwajin kashi biyu, da wanda ya riƙe ambulan, da dalilin da ya sa rediyo ya ji labarin goma sha huɗu bai ji na ɗari huɗu ba. Biyun farko na amsa. A gida na tara aka rufe mana ƙofa, matar ta ce asibiti ne suka saye ni. Goggo ta sa muka koma washegari, da jibi, har sai da aka buɗe.

Maƙalar ta fito bayan wata bakwai a mujalla ta uku cikin jerin Malama. Kawo yanzu mutum biyu suka ambace ta, ɗaya a ciki likitar Goggo ce. Farfesa ya daina ce min yaronmu, allon kuma yana nan, an dai ce za a sake fenti. Kwalaben suna nan a kantuna da hoton shafina. Na koma rediyo, suka ba ni minti huɗu tsakanin sanarwa da labarin wasanni.

Firam ɗin Goggo da kanta ta sa aka sauke. Wurin ya bar fari mai kusurwa huɗu a bango, saman keken da yanzu aka lulluɓe da zane. Kowace safiya kafin in tafi ofis nakan biya in ɓallo mata ƙwayarta, don sabon maganin a kati yake zuwa, ba ya ɓalluwa da hannu ɗaya. Tana haɗiya tana mita kamar da. Tun ranar asibiti ba ta ƙara ce min Dokta ba. Na-Goggo take cewa, kuma har yau ban san ko sauke ni ta yi ko karɓa ta ta sake yi ba.

Wanke hannu

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da ita, ko ƙarin girma ne, ko allo, ko ciwon gwiwa daga durƙuso gaban kabad. Sakamako na iya bambanta daga mutum zuwa mutum. An gwada hanyar a kan mutum ɗaya ne kacal, don haka ana buƙatar ƙarin bincike. Ba a ba mai goggo shawarar bin ta ba, ko mai inna, ko mai maƙwabciyar da ke sauraren rediyo; wanda ya tabbatar ba shi da ko ɗaya, ya bi a kan gashin kansa. Mai ƙorafi ya rubuto, za a adana wasiƙarsa a wuri mai kyau, akwai durowar da ta zama fanko.

Sakamako ɗaya ya rage, shi ma a'a ne, kuma wannan ba zan ajiye shi ba. An auna ƙarfin hannun hagun Goggo wata uku bayan faɗuwarta, aka sake aunawa bayan shekara. Na iya karanta alƙaluman da kaina, amma na ɗauka na kai wa Malama, ko za ta ga abin da ban gani ba. Ta sa tabarau, ta ƙirga sau uku kamar yadda ta saba. Sannan ta ninke takardar ta miƙo min, kuma karon farko tun da na san ta, ba ta faɗi kalmominta biyu ba.